Bayanin Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, da Rabonta, da Adadin Mutanenta

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin adadin yashin gulbi da ganyen itace, wanda ba ya bukatar a ƙirga masa kome. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan bayani ne a kan yammacin Zamfara, watau ƙasar Anka da ta Bukkuyum da ta Gummi: yadda aka raba ta tun zamanin sarakunan da har ya zuwa yau, da yawan mutanenta bisa ga abin da ke rubuce, da kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa.

Matafiyi in ya baro Gusau ya kama hanyar Sakkwato, sa'an nan ya ratse hagu a Mayanci, Anka zai fara tararwa. In ya miƙa yamma sai ya keta ƙasar Bukkuyum, ya iske Ɗaki Takwas inda hanyar Zuru ta balle kudu, daga nan sai Gummi. Gulbin Zamfara shi ne igiyar da ta ɗaure ƙasashen nan uku, yana tafe daga gabas zuwa yamma, ya wuce Gummi ya shiga ƙasar Kebbe da ta Jega, ruwansa ya ƙare a Kwara. Can kudu kuma akwai Gulbin Ka, wajen iyaka da ƙasar Zuru. Tsakanin gulaben nan biyu ƙasa ce ta tudu da dutse da fako da daji, tun ba kudancin Anka wajen Bagega ba, da kudancin Bukkuyum wajen Gwashi da Adabka. Duwatsunta ba su kai na Kwatarkwashi kwarjini ba, amma mai haƙar rijiya ya san dutsen ba shi da nisa da tafin ƙafa, kuma a cikinsa zinariya ta ke. In aka doshi Gummi sai ƙasa ta yi laushi, fadama ta buɗe, a ga shinkafa da albasa da duman ƙwarya. Saboda haka tun asali mutane gulbi suka bi suka yi garuruwa, ƙasar dutse kuwa aka bar wa makiyaya da mafarauta da 'yan tunga.

Wanda ya ke son ya gane tsohon rabon ƙasar, to, ya dubi sunayen sarautunta. A Anka Sarkin Zamfara ya ke zaune, alhali kuwa Anka ba ita ce birnin Zamfarawa na farko ba. Masu tarihi sun ce Dutsi ce farko, can wajen Zurmi, sa'an nan Birnin Zamfara, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci wajen shekara ta 1762, Gobirawa suka zauna Alƙalawa. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura, Kiyawa da Sabon Gari da waɗansu wurare, har ya yada zango a Anka bayan jihadi. A Gummi Sarkin Mafara ya ke, ga shi kuwa akwai wata Mafara can arewa, watau Talata Mafara. A Bukkuyum Sarkin Danko ya ke, Danko kuwa gari ne a ƙasar Zuru, cikin Jihar Kebbi ta yau. Ashe sarautar da mutane ta ke bi. In jama'a suka tashi, sai sunan ya tashi tare da su, kamar yadda makiyayi ya ke tashi da sandarsa. Ba wanda ya kafa turke a daji ya ce nan ƙasata ta ƙare. Iyakar sarki ita ce gari na ƙarshe da ke kai masa gaisuwa.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga mutanen ilmi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya yi kamar shekara 5 yana wa'azi cikin Zamfara kafin hijira, kuma a Sabon Gari jama'a suka sauka a 1805 kafin su wuce Gwandu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Zamfara da labarinta cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1227 na Hijira, watau 1812. Daga baya wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara tarihin sarakunan Zamfara, aka buga shi a Balin a 1959 da harshen Jamus, abin da ya sa masu tarihin ba su iya karanta shi.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, cikin Zulhajji 1320. Su ne suka zo da rabo na takarda da taswira. Suka yi Lardin Sakkwato, Razdan a bisa, Di'o a ƙarƙashinsa. Ƙasar Sarkin Musulmi aka yanka ta gundumomi fiye da 40 a ƙarƙashin En'e guda, Anka da Bukkuyum da Gummi kowace gunduma ce da ubanta. A nan akwai abin da ke rikita baƙo. Wanda Bakano ke kira hakimi, mutumin Sakkwato da Zamfara uban ƙasa ya ke ce masa. Wanda Bakano ke kira dagaci, shi ne hakimi a nan. Fatake da yawa sun kai gaisuwa inda ba can suka nufa ba saboda wannan. A ƙarƙashin hakimi sai masu unguwa, mai unguwa kuwa ya san kowane magidanci da sunansa da sunan ubansa.

Dalilin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne, haraji ne. Kowace shekara malamin haraji ya kan zauna zauren hakimi da littafi, a rubuta baligan maza gida gida. Da damina kuma a fita ƙirgar shanu domin jangali. Ƙirga ce mai ɗaci, kuma mai giɓi, gama saurayi ya kan ɓuya a rumbu, Bafillace ya kan kora rabin garke ya shiga duwatsun kudu har mai ƙirga ya wuce. Shehu da kansa ya lissafa jangali cikin al'adun zalunci a Kitabul Farƙi, don haka malami ba ya da abin yabo a wurinsa. Amma gaskiya ɗaya ce a faɗe ta: a wancan zamani, in tunga ta tashi ko sabuwa ta kafu, shekara ba ta zagayowa sai labari ya kai ga uban ƙasa, domin kuɗi sun ragu ko sun ƙaru. Da aka daina karɓar harajin ta wannan hanya talakawa suka huta, littafin kuma ya mutu, ba a sa wani a madadinsa ba.

Bayan samun mulkin kai sai yanka ya yi ta bin yanka. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, ƙasar ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. A 1976 aka yi Jihar Sakkwato, aka kuma kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, Anka da Gummi suna cikin na farko. Daga baya aka cire Bukkuyum daga Gummi ta tsaya da ƙafarta. A 1991 Kebbi ta fita da Zuru, sai kudancin Gummi da na Bukkuyum suka zama iyakar jiha da jiha. Ran 1 ga Oktoba 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka yi Jihar Zamfara, hedkwatarta Gusau, da ƙananan hukumomi 14. Uwayen ƙasan da aka ambata suka zama sarakunan yanka, aka ba Sarkin Zamfaran Anka shugabancin majalisar sarakunan jiha, kowane sarki kuma ya naɗa nasa uwayen ƙasa. Garin da hakimi ke riƙe da shi jiya, yau uban ƙasa ne da rawani da algaita.

Ta wajen zaɓe kuwa, Anka mazaɓa 10 gare ta: Bagega, Barayar Zaki, Ɗan Galadima, Galadima, Magaji, Matseri, Sabon Birni, Waramu, Wuya da 'Yar Sabaya. Bukkuyum ma 10, cikinsu akwai Adabka da Gwashi da Kyaram da Masama da Nasarawa da Zarummai da Zauma da Zugu. Gummi 11, irin su Bardoki da Birnin Tudu da Falale da Gayari da Gyalange da Shiyar Rafi da Uban Dawaki. Mai lura zai ga sunayen sarautu sun shiga cikin sunayen mazaɓu, Galadima da Magaji da Uban Dawaki, alamar sabon rabo bisa sawun tsoho aka ɗora shi. A majalisar jiha Anka kujera ɗaya gare ta, Gummi biyu, Bukkuyum biyu. A majalisar wakilai ta Abuja an gama Gummi da Bukkuyum wuri ɗaya, Anka kuwa aka haɗa ta da Talata Mafara. A majalisar dattawa duka ukun suna cikin Zamfara ta Yamma, tare da Bakura da Maradun da Talata Mafara. Mutumin Bagega ke nan yana da mai unguwa da hakimi da uban ƙasa da sarki, yana da kansila da ciyaman da ɗan majalisa uku. Shugabanni kam ba su yi masa kaɗan ba.

To, mutum nawa ne duk waɗannan ke shugabanta? An yi ƙidaya a Arewa a 1952. An yi ta 1962 aka soke, aka sake a 1963 cikin gardama. Ta 1973 ma an soke. Sai 1991, sai kuma ta watan Maris 2006, cikin Safar 1427. Wannan ta ƙarshe ta ba Jihar Zamfara mutum miliyan 3 da dubu 200 da ɗoriya. Anka ta sami dubu 140 da 'yan kai, Gummi dubu 200 da 'yan kai, Bukkuyum dubu 210 da 'yan kai. Jimlar ukun wajen dubu 560. Faɗin kowace yana tsakanin murabba'in kilomita 2,500 da 3,500, Bukkuyum ce babba, har ta kusa kamo Jihar Legas. In aka raba mutane bisa ƙasa, murabba'i guda a Anka wajen mutum 50 ya ke ɗauke da shi, a Gummi sama da 70. Wannan ya gaskata abin da ido ke gani, fadama ta fi dutse tara jama'a.

Adadin nan shi ke hannun hukuma har yanzu. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayu 2023, aka ɗage ta, har 2025 ta shigo ba a yi ba. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da masu ƙidaya suka zo, yau shi ke da alhakin gonar ubansa, wata yarinyar ma tana goye da nata. Ma'aikata sai su ɗauki adadin 2006 su riƙa ƙara masa kamar 3 cikin 100 kowace shekara. Bisa wannan hisabi jama'a kan ninka cikin shekara 20 da 'yan kai, ƙasashen uku ke nan sun doshi miliyan guda. Hisabin ba laifi gare shi ba, amma ƙiyasi ne, malamai kuwa sun san ƙiyasi ba ya tsayawa in asali da reshe sun saɓa a illa. Alƙalami yana ƙara wa kowane ƙauye daidai da ɗan'uwansa, wanda ya cika da wanda ya zama kufai.

Ita kanta ƙidayar 2006 akwai abin dubawa a cikinta. Inda aka iske mutum nan aka rubuta shi, watan Maris kuwa tsakiyar ci-rani ne. Samarin Gummi da ke Legas ko Ibadan suna neman kuɗin taki, da almajiran Anka da ke Zariya ko gabas, da falken da ya kai kaya Kwantagora, in an ƙirga su to wata ƙasa ce ta ci ladansu, alhali da saukar ruwa gida za su komo, rijiyar gida za su sha, asibitin gida za su kai iyali. Sa'an nan ga tsohon tsoro. Akwai magidancin da har yau ya ke jin ƙirga ƙanwar haraji ce. Akwai tsohuwar da ba ta faɗin yawan jikokinta don gudun baki, da matar da ba ta ambaton ɗan fari don kunya. Kunya ado ce, amma gudun ƙirga ba shi da madogara a shari'a. Ya zo cikin Buhari, daga Huzaifa, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a rubuta masa adadin waɗanda suka musulunta, aka sami 1,500. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta mutane gida gida domin kowa ya sami rabonsa daga Baitulmali. Mai zakkar shanu ma sai ya ƙirga kafin ya san ko sun kai 30.

Kada a zaci wannan zance ne na ma'aikatan ofis kaɗai. An biya kuɗin rashin ƙirga da rayuka a ƙasar nan. Zinariyar duwatsun Anka an san da ita tun zamanin Turawa, amma da tsadarta ta hau wajen 2009 sai ƙauyawa suka duƙufa haƙa. Suka riƙa kawo dutsen cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da a ke niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Yara suka kama farfaɗiya da suma, suna mutuwa, iyaye na cewa zazzaɓi ne ko iska. Kowane gida ya san nasa rashi, amma ba littafin da ya tara na Dareta da na Abare da na Sunke da na 'Yargalma da na Tungar Guru wuri ɗaya, balle wani ya duba ya ce abin nan ya wuce kima. Sai a watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF, da suka shigo neman sanƙarau, suka ga abin da ke faruwa. Da ma'aikatan lafiya na Nijeriya da na Amurka suka bi gida 119 a ƙauye biyu, ɗaya a ƙasar Anka ɗaya a ta Bukkuyum, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a wannan annoba ba ta gaza 400 ba. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma liman guda da ke rubuta jana'izar da ya sallata, da ya ga shafin yara ya cika tun watanni kafin baƙi su zo.

Bayan dalma sai bindiga. Ɓarayin daji suka mamaye ƙasar da ke tsakanin gulaben nan biyu, inda dutse da kurmi ke ba su mafaka, hanya kuma ba ta kai wa soja da sauri. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, aka yanke wayar salula a watan Satumba 2021, abin bai tsaya ba. A farkon Janairu 2022 aka auka wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen wurin suka ce sun kai 200, ministar agaji ta tarayya ma ta ambaci fiye da 200, da mutum fiye da 10,000 da suka rasa matsuguni. Tsakanin 58 da 200 akwai mutum 142, kowanensu da uwa da uba da magada, kuma ba wata takarda da za a buɗe ta raba gardama. Waɗanda suka tsira suka kwarara cikin garin Anka, har ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba ya zama masaukinsu. A littafin hukuma kuwa har yanzu suna ƙauyukansu, suna ƙaruwa 3 cikin 100.

Ga 'yan kasuwa ga lissafin da ya shafe su. Kuɗin da a ke rabawa daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20 da ɗan ɗori cikin 100. Wajen raba wannan tsakaninsu, kashi 40 daidai wa daida a ke yi, kashi 30 bisa yawan mutane, saura bisa faɗin ƙasa da waɗansu abubuwa. Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi nasu kai tsaye. Duk wanda bai shiga ƙirga ba, to, ya rage wa garinsu rabo, kuma ragin ba na shekara guda ba ne, yana nan har ranar da aka sake ƙidaya. Da wannan adadi a ke auna allurar rigakafi da ajin makaranta da gadon asibiti da buhun taki. Falke ba ya ɗaukar kaya zuwa kasuwar da bai san cikarta ba. Hukuma kuwa kullum haka ta ke yi. Masu neman a ƙara yanka sabuwar ƙaramar hukuma su sani sunayen 774 ɗin suna cikin tsarin mulki na 1999, ba a ƙara ko ɗaya sai an gyara shi, ba a kuwa taɓa ƙara ko ɗaya ba tun da aka kafa shi. Ko an yi, raba abin da ba a san adadinsa ba ne, mai ilmin gado kuwa ba ya fara rabo sai ya san magada.

Ranar ƙidayar ƙasa tana hannun Abuja, amma akwai ƙirgar da ke hannun mutanen gari. Ba a haihuwa a ƙasar nan sai liman ya raɗa suna ran bakwai, ba a aure sai ya ɗaura, ba a kai mamaci sai ya sallata. Ba ma'aikacin da ya kai shi sanin shigar mutane duniya da fitarsu. Abin da ya rage littafi ne na 'yan kuɗi kaɗan da tawada, ya rubuta da ajamin da ya iya: ranar wata, sunan yaro da na ubansa, in rasuwa ce kimanin shekaru da irin ciwon. Malamin allo ya rubuta almajiransa da garuruwan iyayensu. Sarkin kasuwa ya san rumfunan da aka rufe da ƙauyukan da suka daina zuwa cin kasuwa. Mai unguwar da ya yi gudun hijira da mutanensa ya rubuta gida nawa suka taso, nawa suka sauka Anka, nawa suka wuce Gummi ko Zuru. Dokar 1992 ta riga ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke da ma'aikata a ƙananan hukumomi. In wata ya ƙare liman ya kai littafinsa ga hakimi, hakimi ya kai ga uban ƙasa, uban ƙasa ya kira ma'aikacin rajista ya kwafe, hanyar da takardar haraji ta bi shekara da shekaru ke nan, kuma har yau ba ta toshe ba.